Ƙwayoyin Hantar Mutum a Ɗakin Gwaji: Tambayoyi da Amsoshi kan Wanne Ya Dace da Wane Bincike

Maganin da aka haɗiya ba ya zarcewa kai tsaye inda ciwo yake. Daga hanji jini yake ɗaukarsa ya bi da shi ta hanta tukuna, kuma abin da hanta ta yi masa a wannan zangon shi ke yanke ko zai yi aiki, ko zai fice da wuri, ko zai rikiɗe ya zama guba. Shi ya sa masu binciken magani da guba suke renon ƙwayoyin hantar mutum a faranti su yi gwaji a kansu. Sai dai ƙwayoyin iri-iri ne, kuma sinadari guda kan ba da amsa uku a nau'i uku. Ga tambayoyin da ɗalibai da sababbin masu bincike suka fi yi a kan haka.

Wane aiki ne na hanta ake son a kwaikwaya a faranti?

Yawancin magunguna sun fi narkewa a mai fiye da ruwa, ƙoda kuwa ba ta iya fitar da irin waɗannan cikin sauƙi. Hanta ce ke sauya musu siffa har su narke a ruwa, su fita ta fitsari ko ta ruwan matsarmama. An saba kasa aikin gida biyu. Da farko wasu enzayim, wato furotin masu sauya sinadarai a jiki, da ake kira sitokurom P450, a taƙaice CYP, suna liƙa wa sinadarin oksijin ko su gutsure wani ɓangarensa. 'Yan kaɗan ne cikinsu ke ɗauke da mafi yawan nauyin: CYP3A4, wanda ya fi kowa yawan magungunan da ke bi ta hannunsa, sai CYP2D6, CYP2C9, CYP2C19, CYP1A2, CYP2B6 da CYP2E1. Bayan nan wasu enzayim ɗin daban su ɗaura wa abin da ya fito gulukuronik asid, ko salfet, ko gulutatiyon, don a samu a tura shi waje. Akwai kuma furotin masu dako a jikin fatar ƙwayar, su ke shigo da magani daga jini, su ke fitar da shi zuwa hanyoyin matsarmama.

Matakin farkon nan ba kullum yake kashe dafi ba. Sau da yawa ma shi ke haifar da shi, kuma kusan duk saɓanin da ke tsakanin nau'o'in ƙwayoyin daga nan ya taso.

Me ya hana a tsaya ga gwaji a kan dabbobi kawai?

Ɓera da kare da biri duk suna da CYP, amma ba irin na mutum sak ba. Abin da hantar ɓera ta gama da shi cikin mintoci yana iya daɗewa a jikin mutum, abin da kare ya sha lafiya lau yana iya yi wa mutum ɓarna. Misalin da masana ba su manta ba shi ne na fiyaluridin, maganin da aka gwada don ciwon hanta nau'in B a cibiyoyin binciken lafiya na ƙasar Amurka, NIH, a 1993. Cikin marasa lafiya 15, biyar sun rasu, biyu kuma sai da aka yi musu dashen hanta suka tsira. Gwajin da aka yi a kan dabbobi kafin nan bai nuna hatsarin ba. Daga baya aka gano cewa a jikin mutum akwai furotin mai dako da ke shigar da maganin cikin mitokondiriya, wato inda ƙwaya ke samar da kuzarinta, ya lalata ta a hankali. Na ɓera ba ya kai shi can.

Su wane ne ƙwayoyin da ake cewa su ne ma'auni?

Su ne ƙwayoyin asali, wato waɗanda aka ciro kai tsaye daga hantar mutum, ba a sauya musu komai ba. Ana samunsu daga ragowar da aka yanke wajen tiyata, ko daga hantar da aka bayar don dashe amma ba ta dace ba, da amincewar mai ita ko danginsa. Dabarar raba su ta samo asali daga aikin Berry da Friend a 1969, wanda Seglen ya inganta a shekarun 1970: a fara wanke jijiyoyin hantar da ruwan da ke janye kalsiyam don ƙwayoyin su saki juna, sannan a tura enzayim ɗin kolajenes ya narkar da abin da ke riƙe da su. Giram ɗaya na hanta na ƙunshe da ƙwayoyi wajen miliyan 120, kuma da wannan adadin ake lissafin abin da hanta sukutum za ta yi daga abin da aka gani a faranti.

Yanzu a daskare ake yawan samunsu, cikin 'yar kwalba da aka ajiye a sanyin ruwan naitirojin. Narkar da su aiki ne na natsuwa. A tsoma kwalbar a ruwa mai ɗumin digiri 37, ba a kai minti biyu ba a ciro ta tun da sauran ɗan ƙanƙara a ciki, a juye a hankali, ba a girgizawa, ba a zuƙa da ƙarfi. A ɗiga wa ɗan kaɗan shuɗin rini a ƙirga: wadda ta sha rinin ta mutu. Idan aka shimfiɗa su a farantin da aka shafa wa kolajin, cikin sa'o'i huɗu zuwa shida sun kama ƙasa. Washegari a madubin likita za ka gan su jere kafaɗa da kafaɗa, masu kusurwa-kusurwa, gefensu na ƙyalli, da yawa cikinsu masu cibiya biyu. Dukan enzayim da masu dakon da hanta ke da su suna nan a daidai gwargwadonsu, abin da babu wani nau'in da zai yi alfahari da shi.

To tunda su ne gaba, me ya sa ba kowa ke amfani da su ba?

Ba sa hayayyafa. Kwalbar da ka buɗe ta ƙare ke nan, kuma in ƙwayoyin mutumin da ka saba da su suka ƙare a rumbun mai sayarwa, dole ka koma na wani, ka sake auna komai daga farko. Suna da tsada, kuma ba kowane rukuni ne ke yarda ya manne a faranti ba.

Babbar matsalar kuwa mantuwa ce. Tun daga lokacin da aka raba su da hanta suke fara barin halinsu. In an bar su suna yawo a ruwa, sa'o'i huɗu ne ko kusa da haka ake iya dogara da su. In an shimfiɗa su fale ɗaya, cikin kwana ɗaya zuwa uku aikin CYP ya zube sosai, su baje, su fara kama da wasu ƙwayoyin can daban. Don haka maganin da hanta ke sarrafawa a hankali, ko gubar da sai an yi makonni ana sha take nuna kanta, sukan kuɓuce wa wannan tsarin.

HepG2 fa? Ita nake gani a kusan kowace takardar bincike.

HepG2 layin ƙwayoyi ce, wato irin waɗanda ke ta hayayyafa a faranti ba sa ƙarewa. Ita ce ta fi yaɗuwa, ba don ta fi kama da hanta ba, sai don sauƙinta. An samo ta a 1975 daga ƙarin hantar wani yaro ɗan shekara 15 daga Ajantina, masu bincike a Cibiyar Wistar da ke Filadelfiya suka bayyana ta a 1979. Shekara da shekaru ana rubuta cewa daga sankarar hanta irin ta manya ta fito, sai a 2009 aka nuna cewa hefatobilastoma ce, sankarar da ta fi kama yara, mai siffar hantar ɗan tayi. Wannan ya bayyana abubuwa da yawa game da halinta.

Tana girma ba iyaka, ba ta da tsirfa wajen abinci, kuma tana fitar da albumin da wasu furotin na jini kamar hanta. Amma CYP3A4, CYP2C9, CYP2E1 da 'yan uwansu suna ƙasa da na ƙwayoyin asali nesa ba kusa ba, wani lokaci da ƙyar na'ura take ganin aikinsu. Masu karɓar saƙon da ke kunna waɗannan enzayim, PXR da CAR, su ma raunana ne a cikinta, haka wasu manyan masu dakon matsarmama. Ga shi kuma ta yi shekaru tana yawo daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan, har HepG2 ɗin wani ta bambanta da ta wani.

Na zuba sinadari a kan HepG2, ƙwayoyin ba su mutu ba. Zan iya cewa ba ya cutar da hanta?

A'a. Wannan kuskure ne da ake yawan yi a fagen nan, kuma yakan wuce har cikin takardun da aka wallafa.

Ɗauki farasitamol. Mafi yawansa hanta na ɗaure shi da gulukuronik asid ko salfet ya fita salin-alin. Ɗan kaɗan ne ke bi ta hannun CYP, musamman CYP2E1, ya zama wani abu mai cizo da ake kira NAPQI. A adadin da likita ya rubuta, gulutatiyon na kama NAPQI nan take. In aka sha fiye da kima, gulutatiyon ya ƙare, NAPQI ya kama furotin ɗin ƙwayar, ya lalata mitokondiriya. Shi ya sa ake ba wanda ya sha da yawa asetilsistin, don hanta ta sake samun abin haɗa gulutatiyon. To HepG2 ba ta da CYP2E1 na a zo a gani, ke nan ba ta yin NAPQI sosai. Sai ka ɗura mata farasitamol mai yawan gaske kafin ta nuna alamar wahala, kuma ko ta mutu, ba lallai ne ta hanyar da hantar mutum ke mutuwa ba.

Haka aflatoksin B1, gubar da wata funfuna mai suna Aspergillus flavus ke yi a amfanin gonar da aka ajiye cikin danshi. Shi kansa wuƙa ce a cikin kube. CYP1A2 da CYP3A4 ne ke zare ta, su mai da shi wani efoksayid da ke manne wa DNA. Tabon da yake bari sananne ne, a gurbi na 249 na ƙwayar gadon p53, mai tsare ƙwaya daga zama sankara, kuma ana yawan ganinsa a sankarar hantar mutanen da suka daɗe suna cin gubar. Zuba shi a ƙwayoyin asali ko HepaRG, ɗan kaɗan ya isa ka ga ɓarna. Zuba daidai wannan adadin a HepG2, ta ci gaba da girma abinta.

Saboda haka rashin mutuwa a HepG2 abu ɗaya kawai ya tabbatar: sinadarin a siffarsa ta asali bai kashe wannan ƙwayar sankara ba cikin sa'o'in da aka ba shi. Haka ma wanda ya ce wani tsiro ko sinadari yana kare hanta daga farasitamol, alhali a HepG2 kaɗai ya gwada, akwai sauran tambaya a kansa.

Ke nan HepG2 ba ta da amfani?

Tana da shi, in an san iyakarta. Tana da kyau wajen tace dubban sinadarai da sauri don a ware masu kashe kowace irin ƙwaya. CYP1A1 ɗinta na amsa kira, don haka tana iya kunna benzofairin, gubar da ke cikin hayaƙin taba da na ƙone-ƙone. Tana da p53 mai aiki, abin da ya sa ake son ta wajen binciken lalacewar DNA. Ana iya dasa mata enzayim guda, a ce CYP2E1, a kwatanta mai shi da marar shi, kuma wannan gwaji ne mai tsabta da ke nuna rawar enzayim ɗin ƙarara.

Akwai wata dabara da ya kamata duk mai aiki da ita ya sani. Kamar sauran ƙwayoyin sankara, in gulukos ya wadata HepG2 ba ta damu da mitokondiriyarta ba, ta wata hanya take samun kuzari. Sai gubar da ke lalata mitokondiriya ta wuce ba a gan ta ba. In aka maye gulukos da wani irin sukari mai suna galaktos, dole ta koma kan mitokondiriya, nan da nan gubar ta bayyana. Gwada sinadari a abincin biyu a kwatanta ya zama abin da aka saba.

Me ya bambanta HepaRG?

Ita ma daga ƙari ta fito, na wata mata mai ɗauke da cutar hanta nau'in C, kuma masu bincike a birnin Rennes na Faransa ne suka bayyana ta a 2002. Abin da ta fi sauran da shi shi ne tana iya balaga. A shuka ta a bar ta mako biyu ta cika faranti, sannan a ƙara mata wani sinadari mai suna DMSO wajen kashi 2 cikin 100 na wasu mako biyun. In ka duba a ƙarshe za ka ga farantin ya rabu: tsibirai na ƙananan ƙwayoyi masu duhu da tsaki-tsaki, da siraran hanyoyin matsarmama masu haske a tsakaninsu, kewaye da wasu faffaɗan ƙwayoyi masu haske da suka yi kama da na bututun matsarmama. Kusan rabi da rabi suke.

A wannan matakin CYP3A4 ɗinta ya kai na ƙwayoyin asali, wani lokaci ma ya wuce. PXR da CAR suna aiki, masu dako da yawa suna wurinsu, kuma tana riƙe wannan halin na makonni. Don haka ta dace da gwajin da ake maimaita zuba magani na tsawon lokaci. Ita ce kuma layin farko da cutar hanta nau'in B ta iya kamawa a faranti.

Amma mutum ɗaya ce. Matar da aka samo ta daga jikinta mai raunin CYP2D6 ce ta gado, don haka duk maganin da wannan enzayim ke sarrafawa HepaRG ba za ta faɗi gaskiya a kansa ba. DMSO ɗin da ke balagar da ita shi ma yana da hannu a sakamako: yana ɗaga CYP3A4 da kansa, yana kuma danne aikin CYP2E1, shi ya sa ake rage shi ko a cire kafin wasu gwaje-gwajen. In an yi ta dasa ta daga faranti zuwa faranti fiye da kima, takan rasa iya balagar. Ga kuma batun lokaci: wata guda na jira kafin a fara aiki ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibin da lokaci ya ƙure masa, sai dai ya sayi wadda aka riga aka balagar aka daskarar. A ganina, in ba a iya samun ƙwayoyin asali ba kuma tambayar ta shafi sarrafa magani, nan ya kamata a fara dubawa.

Huh7 da Hep3B fa?

Huh7 daga wani ɗan Japan mai shekara 57 ta fito, an bayyana ta a 1982. Sunanta ya fito ne a binciken cutar hanta nau'in C, domin a cikinta aka samu ƙwayar cutar ta hayayyafa cikakkiya a 2005. Enzayim ɗinta ƙasa suke, ko da yake in an bar ta cike da faranti na makonni CYP3A4 yakan ɗan taso. Hep3B kuwa ba ta da p53 mai aiki, kuma tana ɗauke da gutsattsarin ƙwayar cutar hanta nau'in B a cikin DNA ɗinta. Duka biyun na binciken sankara da ƙwayoyin cuta ne fiye da na sarrafa magani.

An ce ana iya yin ƙwayoyin hanta daga fata ko jinin mutum. Ba shi ke nan an huta ba?

Tun da Shinya Yamanaka ya nuna a 2006 a ɓera, da 2007 a mutum, cewa ana iya mai da balagaggiyar ƙwaya ta koma ƙwayar tushe, ake ta ƙoƙarin bi da ita hanyar da ɗan tayi ke bi har ta zama hanta. Wajen mako uku ake yi ana sauya mata sinadaran girma ɗaya bayan ɗaya. Amfanin a fili yake: ba ta ƙarewa, kuma za ka iya ɗauko ta daga mutumin da kake so, har wanda wani magani ya taɓa yi wa illa.

Inda gizo ke saƙar shi ne ba ta gama girma. Abin da ake samu ya fi kama da hantar ɗan tayi: yana fitar da alfa-fitofurotin, yana da CYP3A7 na jarirai da yawa, CYP3A4 na manya kuwa kaɗan. Haka 'yan ƙananan curin nama da ake kira oganoyid, irin waɗanda rukunin Hans Clevers a Holan suka reno daga hantar mutum a 2015: suna hayayyafa, suna riƙe gadon mai su, amma enzayim ɗinsu bai kamo na ƙwayoyin asali ba tukuna. Sun fi ƙarfi wajen binciken cututtukan gado.

Shin yadda aka shimfiɗa ƙwayoyin yana da tasiri, ko nau'insu ne kawai?

Yana da shi sosai, har wani lokaci ya fi nau'in. A cikin jiki ƙwayar hanta na da maƙwabta ta kowane gefe, ga jini na gudana. A faranti kuwa roba ce mai tauri a ƙasanta, ruwa tsaye a samanta.

Gyara mafi tsufa shi ne a sa ƙwayoyin tsakanin shimfiɗa biyu na kolajin, dabarar da ta fito a ƙarshen shekarun 1980. Cikin 'yan kwanaki sai su sake gina hanyoyin matsarmama, a iya auna abin da suke fitarwa ta nan da maganin da ke toshe su. Wata hanyar ita ce a jera su tsibiri-tsibiri a kewaye su da ƙwayoyin tallafi, kamar yadda Khetani da Bhatia suka yi a 2008. Wadda ta fi ba da mamaki don sauƙinta ita ce curi: a zuba ƙwayoyi dubu ɗaya da 'yan kai a rami mai zagayayyen gindi da ba sa iya mannewa, cikin mako guda su dunƙule su zama ƙwallo ɗaya. Masu bincike a Cibiyar Karolinska ta Suwidin sun nuna a 2016 cewa irin wannan curin na ƙwayoyin asali na riƙe halinsa har mako biyar, kuma da aka yi ta zuba masa fiyaluridin na makonni, gubar da ta ɓuya wa dabbobi ta fito. Sai dai curin in ya yi girma da yawa, tsakiyarsa na mutuwa don rashin iska.

Sai 'yar na'urar da ake kira cip ɗin hanta, inda ake tura ruwa ta siraran hanyoyi a kan ƙwayoyin, tare da na jijiyar jini da na garkuwar jiki. A wani bincike na 2022 da aka yi da cip 870 da magunguna 27, na'urar kamfanin Emulate ta gano kashi 87 cikin 100 na masu cutar da hanta, ba ta kuma ɗora wa marasa laifi laifi ba. Sakamako ne mai kyau, amma magungunan an riga an san halinsu, kuma masu na'urar na cikin waɗanda suka yi aikin. Robar PDMS da ake yin irin waɗannan na'urori da ita tana shanye magunguna masu son mai, sai abin da ya isa ga ƙwayar ya gaza abin da aka zuba. HepG2 ma takan ɗan inganta a curi, amma ba ta zama ƙwayar asali.

Akwai kuma batun iska. A hanta, ƙwayoyin da ke bakin shigar jini sun fi samun oksijin, na bakin fita kuwa kusan rabin haka suke samu, kuma can CYP2E1 da CYP3A4 suka fi yawa. Shi ya sa ɓarnar farasitamol daga can take farawa. Faranti na yau da kullum bai san wannan rabon ba.

Ƙwayoyin mutum nawa ya kamata a gwada?

Ya danganta da abin da ake nema. In matsakaicin saurin sarrafa magani ake so, ana amfani da cakuɗen ƙwayoyin mutum 10, 20 ko 50. Amma cakuɗe na ɓoye wanda ya fita daban, kuma sau da yawa shi ne wanda maganin zai cutar. Kodin sai CYP2D6 ya mai da shi mofin yake rage zafi. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na Turawa ba su da wannan enzayim mai aiki, a Habasha kuwa wani bincike ya samu kusan kashi 29 cikin 100 na ɗauke da ƙarin kwafinsa, suna sarrafawa da saurin da ya wuce kima. CYP3A5 na aiki a jikin mafi yawan mutanen da asalinsu Afirka ne, amma a tsirarun Turawa kawai, kuma wannan na sauya adadin takirolimus da ake ba wanda aka yi wa dashe. Tunda yawancin ƙwayoyin da ake sayarwa daga Amurka da Turai suke fitowa, ya kamata a karanta takardar da ke biye da kowane rukuni: shekarun mai su, asalinsa, ko yana shan taba ko giya, da magungunan da yake sha.

Ta yaya zan tabbatar ƙwayoyina suna da enzayim ɗin da nake buƙata?

Ka auna da kanka, a ranar gwajin, a farantin da ya yi daidai da na gwajin. Ganin saƙon RNA bai isa ba; aiki ake so a gani. Kowane enzayim na da maganin da aka san shi da shi: midazolam ga CYP3A4, fenasetin ga CYP1A2, dikilofenak ga CYP2C9, dekistirometofan ga CYP2D6, bufurofiyon ga CYP2B6. A zuba, a jira, a auna abin da ya fito da na'urar LC-MS. Don a ga ko ƙwayoyin na amsa kira kuma, a ba su rifamfisin kwana biyu zuwa uku a ga ko CYP3A4 ya tashi, omefirazol ga CYP1A2, fenobabital ga CYP2B6. Rifamfisin ɗin nan shi ne dalilin da ya sa maganin tarin fuka ke rage ƙarfin ƙwayoyin tsarin iyali. A kowane faranti a sa guba guda da aka san sai an kunna ta take aiki. In ita ba ta yi komai ba, shirun sauran ramukan ba shaida ba ne.

Adadin da za a zuba kuma a ɗaure shi da abin da ake samu a jinin mai shan maganin, a hau daga nan har ninki 100. Kusan komai na kashe ƙwaya in an ɗura shi ba lissafi.

Idan saurin sarrafawa kawai nake son sani, dole sai ƙwaya mai rai?

Ba dole ba. Maikirosom, wato ɓangaren da ake tacewa daga niƙaƙƙiyar hanta, na ɗauke da CYP, yana da araha, yana daɗewa a daskare. Amma ba shi da masu dako, kuma ba zai gaya maka ko ƙwaya za ta mutu ba.

Gaskiya ne wasu layukan da ake kira na hanta ba na hanta ba ne?

Gaskiya ne. Layin da ake kira Chang, wanda aka kafa a 1954 da sunan lafiyayyar hanta, HeLa ce, wato ƙwayoyin sankarar bakin mahaifa da aka ɗauka daga Henrietta Lacks a 1951, suka gurɓata shi suka mamaye. Haka L-02 da WRL-68, waɗanda har yanzu ake ganinsu a takardu a matsayin lafiyayyar hanta da ake kwatanta sankara da ita. SK-HEP-1 daga mai sankarar hanta aka same ta, amma halinta na ƙwayoyin jijiyar jini ne. Kafin a fara aiki a duba sunan layin a Cellosaurus, rumbun bayanan layukan ƙwayoyi da ke intanet, a yi gwajin DNA da ake kira STR a tabbatar da asalinsa, a kuma duba maikofilasma, ƙwayar cutar da ke gurɓata faranti, wadda ba a ganinta da ido amma tana sauya sakamako.

Akwai illar da duk waɗannan ba sa iya hangowa?

Akwai: irin wadda ke samun mutum ɗaya cikin dubbai, a adadin da kowa ke sha lafiya. Tiroglitazon, maganin ciwon sukari, an amince da shi a Amurka a 1997, aka janye shi a 2000 bayan ya lalata hantar wasu. Da yawa daga irin waɗannan illolin garkuwar jiki na da hannu a ciki. Fulukuloksasilin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, alal misali, ya fi cutar da masu ɗauke da wani nau'in gado mai suna HLA-B*57:01. Faranti mai ƙwayoyin hanta zalla ba shi da sojojin jini da za su kai wannan farmakin. Ƙara ƙwayoyin Kupffer, wato na garkuwar jiki da ke zaune a hanta, na taimakawa wajen ganin abin da kumburi ke jawowa, amma sai an haɗa ƙwayoyin garkuwa da na hanta daga mutum guda mai wannan gadon kafin a kusanci abin da ke faruwa a jikinsa.

Hukumomin kula da magunguna suna karɓar sakamakon waɗannan gwaje-gwajen?

A wasu fannoni sun daɗe suna karɓa. Kafin a amince da sabon magani ana buƙatar a nuna waɗanne enzayim ke sarrafa shi, waɗanne yake dannewa, waɗanne yake ɗagawa, kuma gwajin ɗagawar an saba yinsa da ƙwayoyin asali na mutum uku aƙalla, kowane daban. A watan Disamba na 2022 Amurka ta sauya dokarta, ta cire sharaɗin cewa dole sai an gwada magani a kan dabba kafin a kai ga mutum, ta buɗe ƙofa ga ƙwayoyin mutum, cip da lissafin kwamfuta. Dokar ba ta hana gwajin dabba ba, kuma ba ta ce a karɓi kowane sakamakon faranti ba. Wanda ya kawo sabon tsari shi zai nuna, da magungunan da aka san masu illa ne da waɗanda aka san ba su da ita, cewa tsarin nasa na rarrabe su, kuma wani ɗakin gwajin daban zai samu abin da ya samu.